Yadda Ake Tsara Gidajen Birni da Za Su Ɗauki Zaman Tare da Kula da Juna

Mafi yawan gidajen benen da ake ginawa a birane an zana su ne bisa zaton cewa kowane iyali zai rufe ƙofarsa ya ɗauki nauyin kansa shi kaɗai, tun daga girki da wanki da renon yara har zuwa jinyar mara lafiya da kula da tsoho. Wannan zato yana da tsada, kuma an san a kan wa tsadar take faɗawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna a rahotonta na 2018 cewa mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kulawa da ba a biyan kuɗinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya za su kasance a birane nan da 2050, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida zai kai shekara 60 ko fiye. Wannan jagora domin masu zanen gine-gine ne, da ƙungiyoyin gama kai, da hukumomin gidaje, da duk wasu iyalai da suka yi niyyar haɗa ƙarfi su gina wurin da za a rage wa juna wannan nauyi.

Mataki na farko: a fara da aikin yini kafin a taɓa takardar zane

Kafin a ja layi ko ɗaya, a tara waɗanda za su zauna a gidan, ko mutane irinsu idan ba a san su ba tukuna, a roƙi kowa ya zayyana yadda yininsa yake tun daga farkawa har zuwa kwanciya. A rubuta wanda ke girki da lokacin da yake yi, da wanda ke kai yaro makaranta, da inda ake shanya, da wanda ke tashi cikin dare domin juya mara lafiya. A tabbatar masu yin aikin da hannunsu ne suke magana, domin wanda ba ya wanki ba zai san cewa nisan ɗakin wanki daga wurin wasan yara shi ne ke sa uwa ta raba hankalinta biyu ba.

Birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya bi wannan hanya lokacin da ya gina rukunin Frauen-Werk-Stadt, mai gidaje 357, wanda aka kammala a 1997. Jami'ar tsara birni Eva Kail ce ta jagoranci tunanin, Franziska Ullmann kuma ta zana babban tsarin. Abubuwan da suka fito daga nazarin rayuwar yau da kullum ƙanana ne a ido: wurin ajiye keken jarirai a ƙasa kusa da ƙofar shiga, matakala masu faɗi da haske, ɗakin girki mai taga da ke kallon tsakar gida, makarantar renon yara da ɗakin likita a cikin rukunin. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar fasaha mai wuya. Abin da suka buƙata shi ne a tambayi mutumin da ya dace.

Daga wannan zama a fitar da jeri uku: ayyukan da mazauna ke so su yi tare, waɗanda za su iya yi tare idan an sauƙaƙa, da waɗanda ba za su taɓa yarda wani ya sa musu hannu a ciki ba. Jeri na uku shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa.

Mataki na biyu: a tsayar da yawan gidaje da wurin da za a gina

Kulawa tana tafiya da sanayya. Idan gidaje suka yi kaɗan, saɓanin mutum biyu zai girgiza kowa, kuma aikin gayya zai yi wa 'yan kaɗan yawa. Idan suka yi yawa, kowa zai ɗauka wani ne zai yi. Sættedammen, wanda aka buɗe a 1972 kusa da Hillerød a ƙasar Denmak kuma ake ɗauka a matsayin na farko cikin irin waɗannan gidaje na zamani, ya fara da iyalai 27. La Borda, wani ginin ƙungiyar gama kai a Basalona ta ƙasar Sifaniya, tana da gidaje 28. A ganina tsakanin gidaje 20 zuwa 40 shi ne daidai. Idan filin babba ne, a raba shi rukuni rukuni, kowanne da ƙofarsa da tsakar gidansa da ɗakin taronsa, sannan a haɗa su a kan manyan abubuwa kamar makarantar reno da ɗakin shan magani.

Game da wuri, a zaɓi inda za a iya zuwa makaranta, asibiti, kasuwa da tashar mota da ƙafa. Fili mai araha a bayan gari yakan mayar da rarar kuɗin ta zama sa'o'in tafiya, kuma mai kula da wani shi ne zai biya su.

Mataki na uku: a ba kowane iyali ƙofar da zai rufe

A nan ne tsare-tsare masu kyakkyawar niyya suka fi tuntuɓe, saboda haka ya kamata a daɗe a kansa. Ginin Narkomfin da Moisei Ginzburg ya zana a Mosko, wanda aka gama a farkon shekarun 1930, an yi shi ne da ƙananan gidaje da ba su da cikakken ɗakin girki, da nufin kowa ya ci a babban ɗakin cin abinci da ke haɗe da ginin. Mazauna ba su bi wannan nufi ba, yawancinsu sun ci gaba da girki a cikin gidajensu. Darasin a bayyane yake: zaman tare da aka tilasta da siminti ba ya ɗorewa. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma wanda ba shi da wurin da zai janye ya huce, ƙarshensa barin gidan zai yi.

Saboda haka kowane gida ya kasance cikakke da kansa: ɗakin kwana, banɗaki, ƙaramin ɗakin girki, da wurin zama. Ana iya rage girmansa kaɗan, a tara abin da aka rage a zuba shi cikin ɗakunan gama gari, amma kada a rage har ya zama mutum ba zai iya yin mako guda bai shiga ɗakin kowa ba idan ya ga dama. A kashe kuɗi a kan hana ƙara ratsa bango da daɓe. Kukan jariri da tsakar dare, tarin mara lafiya, da maganar miji da mata abubuwa ne da maƙwabci bai kamata ya ji ba, kuma yawan rigimar maƙwabta daga bango mara kauri take farawa.

Tsakanin sirrin gida da filin kowa a sa matakai. Daga ɗakin kwana zuwa falo, daga falo zuwa ɗan wuri a bakin ƙofa da ya isa a ajiye kujera biyu da tukunyar fure, daga nan zuwa baranda da gidaje biyar ko shida ke bi, sannan tsakar gida, sannan titi. Wannan ɗan wuri na bakin ƙofa yana da amfani fiye da girmansa. Tsohuwar da ba ta iya sauka ƙasa kullum za ta zauna a nan da hantsi, mai wucewa ya gaishe ta, ranar da ba a ga ta fito ba kuma labulenta bai motsa ba, wani zai ƙwanƙwasa. Ba a rubuta wannan aiki a jadawalin kowa ba, tsarin ginin ne ya sa ya zama abu mai sauƙi.

Mataki na huɗu: a ɗora ɗakunan gama gari a kan hanyar da kowa ke bi

Ɗakin taron da aka ɓoye a ƙarshen lungu ko a ƙarƙashin ƙasa, a bayan ƙofa mai kulle, zai zama wurin ajiye tarkace kafin shekara ta zagayo. Zumunta a ƙafa take, kuma a gidan bene ƙafa tana bin hanya mafi gajarta daga ƙofar waje zuwa ƙofar gida. A sa babban ɗakin girki da cin abinci a kan wannan hanya, da bangon gilashi ko babbar taga, yadda mai dawowa daga aiki zai hango wanda ke ciki ya yanke shawarar shiga ko wucewa ba tare da jin nauyi ba. Akwatunan wasiƙa da allon sanarwa su kasance a wurin.

Ɗakin wanki ya cancanci kulawa ta musamman. Karl-Marx-Hof, wanda birnin Biyana ya gina tsakanin 1927 da 1930 da gidaje 1,382, ya zo da manyan wuraren wanki biyu, da wuraren wanka, da makarantun reno, da ɗakin karatu, aka kuma bar mafi yawan filin a matsayin lambu da tsakar gida. Tun a lokacin an gane cewa wanki aiki ne da ya kamata birni ya yi masa gini. A yau shawarar ita ce a sa ɗakin wanki inda akwai hasken rana da iska, kusa da wurin shanya, da tebur na ninke kaya da kujeru, kuma daga cikinsa a riƙa hango wurin wasan yara. Haka nan ɗakin wasan yara ya kasance kusa da ɗakin cin abinci, da ƙofa mai gilashi a tsakani, domin a gan su ba tare da hayaniyarsu ta kori tsofaffi ba.

Bayan waɗannan a tanadi ɗakin baƙi ɗaya ko biyu da kowane iyali zai iya karɓa na 'yan kwanaki, da ɗakin gyare-gyare mai kayan aikin aro, da wurin ajiye kekuna. Ɗakin baƙi yana ba iyali damar zama a ƙaramin gida ba tare da biyan hayar ɗakin da ba a kwana a ciki sai sau uku a shekara ba.

Baranda da matakala ma wuraren zama ne idan an ba su faɗi da haske, sai dai a yi hattara. Rukunin Pruitt-Igoe a birnin Sent Luwis na Amurka, mai gine-gine 33 masu hawa 11, an yi masa dogayen baranda na gama gari da lif da ke tsayawa a wasu hawa kawai, da fatan mutane za su riƙa haɗuwa. Ba a ware isasshen kuɗin gyara ba, mazauna suka ragu, wariyar launin fata da talauci suka yi nasu aikin, barandar da ba ta kowa ba ta zama wurin tsoro, aka fara rushe gine-ginen a 1972. Wurin gama gari yana rayuwa ne idan gidajen da ke amfani da shi kaɗan ne, tagoginsu suna kallonsa, kuma an san wanda zai sauya ƙwan fitila idan ya mutu. Dangane da tsawo kuwa, hawa huɗu zuwa shida shi ne iyakar da uwa za ta iya leƙowa ta gane ɗanta a ƙasa ta kira shi ya ji.

Mataki na biyar: a zana domin jikin da zai tsufa ko ya yi ciwo

Kowane mazauni zai wuce ta lokacin da jikinsa ba zai iya abin da yake iyawa yau ba. A cire tudun bakin ƙofa gaba ɗaya. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, a bar fili mai faɗin santimita 150 a banɗaki da ɗakin girki domin keken guragu ya juya, kuma gangaren hawa kada ya wuce tashin mita ɗaya a cikin tsawon mita 12. Wurin wanka ya zama daidai da daɓe, bangonsa ya yi ƙarfin da za a kafa masa ƙarfen riƙewa daga baya. Lif ya isa ɗaukar gadon mara lafiya, ko aƙalla keken guragu da mai tura shi. A gefen gado a bar wurin da mai jinya zai tsaya ta ɓangare biyu. Yin waɗannan tun a zane yana da sauƙin kuɗi ƙwarai idan aka kwatanta da fasa bango bayan an tare.

Iyali ma yana sauya girma. A rukunin Kalkbreite da ke Zurik ta ƙasar Suwizalan, wanda aka buɗe a 2014 a saman ma'ajiyar jiragen ƙasa na cikin gari, akwai ɗakuna masu banɗaki da ba na kowane gida ba, iyali yana karɓar hayarsu na wani lokaci idan yaro ya girma ko wani dattijo ya zo zama. A Hunziker Areal, shi ma a Zurik, an gina wasu gidaje inda ƙananan sassa masu banɗakinsu ke kewaye da babban falo da ɗakin girki guda, tsarin da ya dace da marasa aure da tsofaffin da ba sa son zaman kaɗaici. Ko da ba za a yi irin wannan ba, a sa nauyin gini a kan ginshiƙai, yadda za a iya matsar da bangon ciki, kuma a bar gurbin ƙofa tsakanin gidaje biyu da za a iya buɗewa wata rana.

Hawan ƙasa kuma a ba shi ayyukan da unguwa duka za ta amfana da su. Kampung Admiralty a Singafo, wanda aka kammala a 2017, ya haɗa gidajen tsofaffi 104 da cibiyar lafiya, da wurin renon yara, da cibiyar ayyukan dattawa, da fili na jama'a a gini ɗaya, aka kuma ajiye benci a bakin ƙofofin gidajen domin mutane su fito su zauna.

Mataki na shida: a rubuta iyakar kulawa da rabon aiki

Gini ba ya dafa abinci. Gidan da Sven Markelius ya zana a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1935, da goyon bayan masaniyar zamantakewa Alva Myrdal, yana da gidan abinci da wurin reno, amma ma'aikata ne ake biya su yi aikin, wanda hakan ya sa ya fi dacewa da masu hali. Daga baya aka koma tsarin da mazauna ke yin aikin da kansu. A Färdknäppen, shi ma a Stockholm, wanda aka buɗe a 1993 da gidaje 43 domin mutanen da suka haura shekara 40 kuma ba su da yara a gida, ana cin abincin dare tare a ranakun aiki, kowa yana cikin rukunin girki da layi ke zagayowa kansa bayan mako shida. Wanda ya yi mako ɗaya yana girki ya sami mako biyar na hutu, lissafin da ya sa tsarin ya ɗore ke nan.

A rubuta yarjejeniya tun kafin a tare: sa'o'i nawa kowane baligi zai bayar a wata, me zai faru idan mutum ya yi rashin lafiya ko ya tsufa, yadda ake yanke shawara, da wanda ake kai wa ƙara idan an saɓa. A riƙa duba jadawalin lokaci lokaci a ga ko aikin ya sake komawa kan mata kaɗai, domin yana da halin komawa can idan ba a sa ido ba. Binciken Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ya nuna cewa dukiyar gama gari tana ɗorewa inda aka san iyakarta, masu amfani da ita suke da hannu a dokokinta, hukunci yake hawa a hankali, kuma akwai hanya mai sauƙi ta sasanci. Duk wannan ya shafi ɗakin girki na gidaje talatin.

Abu mafi nauyi a yarjejeniyar shi ne iyakar kulawa. Matan rukunin gidajen New Ground a arewacin Landan, su 26 da suka haura shekara 50, waɗanda suka shafe kimanin shekara 18 suna fafutuka kafin su tare a gidajensu 25 a 2016, sun tsayar da cewa suna lura da juna amma ba su maye gurbin ma'aikatan jinya ba. Maƙwabciya za ta yi miki cefane, ta raka ki asibiti, ta kawo abinci bayan tiyata. Wanka da canza bandeji da ba da magani kuwa aikin ƙwararru ne ko dangi. Ina ganin wannan iyaka tana kare ɓangarorin biyu: mai taimako ba ya gajiya har ya fara gudun ƙofar, wanda ake taimaka wa kuma mutuncinsa bai zube ba. Inda ake son haɗa matasa da tsofaffi, ana iya koyi da gidan Humanitas a Deventer ta ƙasar Holan, inda ɗalibai ke zama kyauta bisa sharaɗin ba da sa'a 30 a wata ta zama da dattawa, ba tare da an ɗora musu aikin jinya ba.

Mataki na bakwai: mallaka, kuɗin gyara da izinin hukuma

Idan kowane gida zai shiga kasuwa a sayar wa wanda ya fi tayi, cikin shekara goma maƙwabtan da suka san juna za su watse. La Borda, da aka kammala a 2018, ta kauce wa wannan: birnin Basalona ya ba ƙungiyar gama kai hayar filin na shekara 75, ƙungiyar ce ta mallaki ginin, memba yana da haƙƙin zama amma ba ya iya sayar da gidan don riba. Dokokin ƙasashe sun bambanta, saboda haka a nemi lauya tun da wuri ya duba wace siga ce za ta yi aiki, ko gama kai, ko amintacciyar ƙungiya mai riƙe fili a madadin jama'a, ko haya daga hukuma. A haɗa masu ƙarfi da masu ƙaramin ƙarfi a gini ɗaya, kamar yadda New Ground ta ware gidaje 8 cikin 25 domin haya mai rangwame.

Daga watan farko a buɗe asusun gyara dabam da na kuɗin wuta da ruwa, kuma a hana taɓa shi sai don rufi, lif, famfo da makamantansu. A gana da hukumar tsara birni kafin zane ya yi nisa, musamman a kan dokar wurin ajiye motoci, wadda ke iya cinye filin da ya kamata ya zama tsakar gida, da dokokin kashe gobara, waɗanda ke iyakance abin da za a ajiye a baranda. La Borda da Kalkbreite duk sun sami amincewar yin gini ba tare da garejin mazauna ba.

A ƙarshe, kada a kammala komai a ranar tarewa. A bar ɗaki ɗaya na gama gari babu suna, da wuta da ruwa a jikin bango, a kuma ware masa ɗan kuɗi. Bayan wata goma sha biyu a sake tara mazauna tare da mai zanen, a bi ginin ɗaki ɗaki da takardar yinin da aka rubuta a mataki na farko, a ga inda ake taruwa da inda aka ƙaurace wa, sannan a yanke ko ɗakin zai zama na renon yara, na ma'aikaciyar jinya mai kwana, ko na karatu.